Bindiga ko Buhun Gero: Da Me Mutumin Yamai Zai Tari Mugun Lokaci?

Ranar Asabar 19 ga Agusta 2023, mako uku da ƴan kwanaki bayan da dakarun fadar shugaban ƙasa suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum, dubban mutane suka yi cincirindo a ƙofar filin wasa na Janar Seyni Kountché a Yamai. Ƙungiyar CEDEAO ta yi barazanar shigowa da ƙarfin soja, wasu ƴan gari kuma suka yi shela cewa duk wanda ya kai shekara 18 ya zo a rubuta sunansa cikin masu sa-kai don kare ƙasa. Tun da sassafe layi ya miƙe, har da iyayen da suka rako ƴaƴansu, jama'a ta yi yawan da masu shirin suka dakatar da rubuta sunayen. A waɗancan makonni ne samari suka riƙa kwana a shataletalen birnin, suna tare motoci, suna haska cikinsu da fitilar salula, ba abin da ke bakinsu sai "laabu sanni no" da "zancen ƙasa ne". Yaƙin da ake tsoro bai zo ba. Sai dai ya bar wata tambaya da har yau ake juyawa a fada in an ɗora shayi na biyu, ake kuma ɗaukowa a tashar mota da ƙofar masallaci: in wata rana hukuma ta kasa, ko ta rushe ɗungurungum, ashe ba wajibi ba ne magidanci ya iya harbi, ya kuma ajiye abin harbin a gida? Ra'ayina shi ne, ga mazaunin Yamai, bindigar kansa ita ce mafi ƙarancin amfani cikin duk abin da zai tanada, ita ce kuma kaɗai tanadin da in kowa ya yi shi zai jawo rushewar da ake gudu. Amma ba a isa wannan matsayi da gaggawa, domin masu ɗaya ra'ayin suna da gawarwakin da za su nuna.

Da lissafin gawa ɗin suke farawa. Ranar 2 ga Janairu 2021 ƴan bindiga a kan babura suka shiga Tchomabangou da Zaroumdareye a jihar Tilaberi, suka kashe mutum fiye da 100. Ranar 15 ga Maris na shekarar aka tare motocin da suka taso daga kasuwar Banibangou, aka kashe 58. Bayan kwana shida aka hallaka 137 a yankin Tillia na jihar Tawa. Ranar Juma'a 21 ga Maris 2025 aka kewaye masallacin Fambita a gundumar Kokorou ana cikin salla, aka kashe 44. A duk waɗannan wurare an gama ta'asar kafin agaji ya iso. Su kansu sojojin ba su tsira ba: 71 suka kwanta dama a Inates a Disamba 2019, 89 a Chinagodrar wata ɗaya bayan haka. Ƙasar da fadinta ya kai murabba'in kilomita 1,267,000 ba ta da askarawan da za ta girke a ƙofar kowane ƙauye, kuma Kouré, inda aka kashe Faransawa shida da ƴan Nijar biyu a Agusta 2020, tafiyar kilomita 60 ce kacal daga Yamai. Sai su ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Su ƙara da cewa babban birni ma yana faɗuwa, Kabul ta faɗi cikin yini ɗaya a 2021, Khartum ta wayi gari cikin yaƙi ranar 15 ga Afrilu 2023. Malamai daga cikinsu sukan tuna cewa shari'a ta halatta wa mutum ya kare ransa da iyalinsa da dukiyarsa, magabata kuma sun kwaɗaitar da koyon harbi da iyo da hawan doki. Akwai ma hujjar da ta fi waɗannan ciwo: dokar da ta ce sai da izinin ma'aikatar cikin gida ake mallakar makami, mai bin doka kaɗai ta ɗaure wa hannu, tunda ɗan ta'adda bai taɓa zuwa neman takarda ba. Misalin da suka fi so shi ne Maiduguri a 2013, inda samarin da ake kira "ƙato da gora" suka tashi suka taimaka aka fatattaki Boko Haram daga cikin birni.

Duk wannan gaskiya ne. Abin dubawa shi ne me ya faru a inda mutane suka bi wannan shawara, kuma ba sai an je nesa ba. Bayan kashe-kashen farkon 2021, ƙauyukan Zabarmawa na yankin Banibangou sun kafa ƙungiyoyin tsaron kai, suna gadin manoma a gona. Ranar Talata 2 ga Nuwamba 2021, magajin garin Banibangou da kansa ya jagoranci ayarin mutum 84 a kan babura, suka nufi daji neman waɗanda suka addabe su. A kusa da Adab-Dab aka yi musu kwanton ɓauna. Mutum 69 suka mutu har da magajin garin, 15 suka dawo, aka yi zaman makoki na ƙasa. Waɗannan mutane ba rashin zuciya ya kashe su ba, kuma da yawansu sun san yadda ake ɗana kunama. Abin da ba su da shi shi ne duk sauran abin da ke mayar da taron masu bindiga runduna: masu leƙen asirin da za su gaya musu abin da ke bayan tudu, hanyar sadarwa, wanda zai kawo ɗauki in an rutsa da su, da likitan da zai tsayar da jini. Sun gamu da mutanen da yaƙi ne sana'arsu shekara da shekaru. Da Bazoum ya je gaisuwa Banibangou bayan ƴan kwanaki, ya gaya wa mutanen cewa ya fahimci fushinsu, amma tsaronsu a wuyan hukuma yake. Ana iya cewa wannan magana ce mai sauƙin faɗa ga wanda ya sauko daga jirgi da masu gadi kewaye da shi. Duk da haka Adab-Dab ta nuna cewa iya harbi wani ɗan yanki ne ƙarami na iya yaƙi. Akwai kuma abin da ya fi wannan tayar da hankali. Masu bincike na International Crisis Group sun nuna cewa a arewacin Tilaberi, ƴan ta'addan da a da suke karɓar abin da suke kira zakka suna kashe ɗaiɗaikun shugabanni, sun koma kisan gari guda ne a wuraren da mutane suka fara tirjewa da ɗaukar makami. Wannan bai ɗora wa waɗanda aka kashe laifi ba, wanda ya ƙi miƙa wuya ga azzalumi ya cancanci girmamawa. Yana dai nuna cewa ƙaramin makami a hannun ƙauye yakan kai ya harzuƙa maƙiyi, ba ya kai ya hana shi.

Maƙwabta sun riga mu shan wannan magani, mun kuma ga yadda ya yi musu. Burkina Faso ta yi doka a Janairu 2020 ta kafa ƴan sa-kai na VDP, ana ba mutum horon kwana 14 a miƙa masa bindiga. A ƙarshen 2022 gwamnatin Ibrahim Traoré ta nemi ƙarin 50,000, kusan 90,000 suka rubuta suna. A Solhan, cikin Yuni 2021, maharan sun fara da sansanin ƴan sa-kan ne kafin su bi gida-gida su kashe aƙalla 132, kuma a shekarun da suka biyo baya ƙasar ta hau saman jerin ƙasashen da ta'addanci ya fi yi wa ɓarna a duniya. A Mali, ƙungiyar mafarauta ta Dan Na Ambassagou da aka kafa don kare Dogon, ita aka zarga da kisan Fulani kusan 160 a Ogossagou ranar 23 ga Maris 2019. Zamfara kuwa kowane Bahaushe ya san labarinta. Ƴan sa-kai sun tashi ne saboda satar shanu da fashi, suka shiga kama Bafulatani a kasuwa suna yanke masa hukunci nan take, mai laifi da marar laifi, waɗanda aka kashe wa iyaye suka shige daji suka sayi abin da ya fi bindigar toka. A jihar Sakkwato, cikin Oktoba 2021, ƴan sa-kai suka kashe Fulani a kasuwar Mamande, kwanaki kaɗan bayan haka aka buɗe wa ƴan kasuwar Goronyo wuta aka kashe fiye da 40. Lakurawan da suka zame wa Tangaza da Gudu ƙarfen ƙafa, da farko gayyato su aka yi su kori ɓarayin daji. Gwamna Aminu Bello Masari na Katsina a 2021, da Bello Matawalle na Zamfara a 2022, duk sun ce wa talakawansu su nemi bindiga su kare kansu, kuma satar mutane ba ta tsaya ba. Abin da ke maimaita kansa a duk waɗannan wurare shi ne bindigar ɗan sa-kai ba kasafai take samun ɗan ta'adda ba, saboda shi yana daji ya kuma fi ƙarfinta. Wanda take samu shi ne na kusa, makiyayin da ya kawo tunkiya kasuwa, baƙon da harshensa ya bambanta, wanda ake rikicin gona da shi tun zamanin kakanni. Yamai kuwa gari ne da Bazabarme da Bahaushe da Bafulatani da Buzu da Babarbare da Bagurmance suke haya a gida ɗaya suna ɗiban ruwa a famfo ɗaya. Ranar da kowace ƙofa ta samu makami, jita-jita ɗaya a WhatsApp ta isa.

Maiduguri fa? Ya kamata a duba ta da kyau, domin sunan da aka ba samarin nan ya faɗi abin da suka riƙe, gora da adda ne a farkon lamari. Ƙarfinsu yana cikin sanin unguwa: sun san ɗan wane ne ya ɓace wata uku ya dawo da baƙin abokai, sun san gidan da ake shiga da dare. Su suka nuna, soja ya yi harbin. Daga baya da aka ba wasunsu bindigogi, an samu ƙorafe-ƙorafen kisa ba shari'a da cin zarafi a kansu su ma. Don haka misalin da masu son makami suka fi ji da shi, hujja ce ta haɗin kan unguwa da hukuma.

Yanzu a koma kan ita kanta masifar da ake wa tanadi. Hoton mutumin da ya tara harsasai da abincin gwangwani a ramin ƙarƙashin gida yana jiran ranar da duniya za ta watse, daga finafinan Amurka da bidiyoyin intanet ya shigo mana. Yamai ba ta bukatar ta yi hasashen yadda mugun lokaci yake, ta ɗanɗana shi sau da dama cikin ƴan shekarun nan. A farkon Agusta 2023 Nijeriya ta yanke wutar da ke zuwa ta layin Birnin Kebbi, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin Nijar daga can yake. Aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanville, manyan motoci suka yi jerin gwano a ɓangaren Benin da kayan da suka taso daga tashar jiragen ruwan Kwatano, kuɗi ya yi wuyar fita a bankuna, shinkafa da mai suka yi tsada, magunguna suka yi ƙaranci a kantunan magani. Takunkumin ya kai har 24 ga Fabrairu 2024. Kafin wannan, a Satumba 2020, kogin Isa ya kai kusan mita 7 a ma'aunin Yamai, abin da ba a taɓa gani ba tun da aka fara aunawa a 1929. Ruwa ya fasa shingen da ke kare Harobanda, ya shiga Lamordé da Kirkissoye, ya cinye gonakin shinkafar Saga. Damina ta 2024 ta fi muni a faɗin ƙasa: mutum fiye da 300 suka mutu, sama da miliyan ɗaya suka shiga halin ni-ƴasu, har aka ɗaga komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba saboda azuzuwa sun cika da waɗanda gidajensu suka rushe. A Agustan 2024 ɗin ruwa ya shanye hanyar Doso a daidai Sorey, ƴan kilomitoci daga bakin gari. Motocin fasinja suka tsaya a gaɓa, mutane suka sauko da jakunkuna a ka suna shiga kwalekwale ana tsallakar da su, jandarmomi da sojoji suna taimakawa da nasu jiragen, tankokin man da suka taso daga matatar Damagaram suka maƙale a ƙetare, gidajen mai na cikin birni suka fara bushewa. A wancan makon mai kwalekwale ya fi kowa daraja a Sorey. A duk waɗannan lokuta, ba a ga matsala ɗaya da harsashi zai warware ba.

Tarihi mai nisa ma haka ya nuna. Abin da ya fi kashe mutanen wannan ƙasa da tarwatsa garuruwansu shi ne yunwa, tun daga ta 1913 zuwa 1914, da ta 1931, da farin farkon shekarun 1970, da ta 1984 wadda mutane suka laƙaba wa sunan shugaban Nijeriya na lokacin, Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya, har zuwa ta 2005. Gwamnatin Diori Hamani ma fari da zargin karkatar da hatsin agaji suna cikin abin da ya kayar da ita ranar 15 ga Afrilu 1974. Shi ya sa hikimar tanadi a nan ta taru a kan rumbu, da tsarin ajiyar hatsi na OPVN, da tunkiyar da uwargida take kiwo a bayan ɗaki don ranar da za a sayar. Ƙissar Annabi Yusuf da kowane yaro ya ji a makarantar allo, labarin ajiyar hatsi ce.

Nan ne mai ja zai ce, to ai mun zo wurin. Ranar da abinci ya ƙare a gari, wanda ya tara gero shi za a fara fasa wa ƙofa, rumbun da ba mai gadi kuwa na ɓarawo ne. Wannan ita ce hujjarsu mafi ƙarfi, kuma Khartum ce wurin gwada ta, tunda a can an ga rushewa ta gaske a babban birni. Waɗanda suka wawashe gidajen Khartum ba maƙwabta mayunwata ba ne, dakarun RSF ne da motocin yaƙi da manyan bindigogi, kuma magidancin da ya fito musu da ƙaramar bindiga ya sa hannu ne a kan takardar mutuwarsa da ta iyalinsa. Ita RSF ɗin ma daga ina ta fito? Daga mayaƙan sa-kai na Janjawid da gwamnatin Umar al-Bashir ta ba makamai a Darfur tun 2003 don su taya ta yaƙi. Abin da ya riƙe ran waɗanda suka kasa gudu shi ne ɗakunan agajin gaggawa da matasan unguwanni suka kafa, da tukwanen gayya da ake ɗorawa a masallatai da makarantu ana ciyar da dubbai, da ƴan sa-kan da suka riƙa gyara famfo da kai marasa lafiya asibiti, da kuɗin da ƴan uwa na waje suke turowa ta salula. Yamai ma ta taɓa ganin ƴar gajeruwar rushewar doka. Ranar 17 ga Janairu 2015, a zanga-zangar zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo, an ƙona coci 45 a birnin, kuma cikin kwana biyu mutum 10 suka mutu tsakanin Yamai da Damagaram. Wani zai ce da masu cocin suna da makami da ba a taɓa su ba. Amma makamin da zai kasance a hannun mai coci zai kasance a hannun masu zanga-zangar ma, su ne kuma suka fi yawa. An ƙirga gawa 10 a waɗannan kwanaki biyu ne saboda abin da ke hannun jama'a dutse ne da sanda da ashana. Ƙiyasin cibiyar Small Arms Survey na 2017 ya sa Nijar cikin ƙasashen da bindigar farar hula ba ta kai ɗaya ga kowane mutum 100 ba. Ana yawan kallon wannan a matsayin rauni, ni kuwa ina ganin yana cikin dalilan da suka sa birnin ya wuce juyin mulkin 1996 da 1999 da 2010 da 2023 ba tare da unguwa ta far wa unguwa ba.

Sai kuma rayuwar yau da kullum, wadda masu wannan muhawara suke mantawa da ita. Ranar tashin hankali wataƙila ta zo, wataƙila ba za ta zo ba, amma bindigar tana cikin ɗaki kowace rana ta Allah. A gidan haya na Talladjé ko Boukoki, inda iyali guda suke cikin ɗaki da falo, yara takwas na maƙwabta suna shiga suna fita, ina za a ɓoye ta? Kamar ajiye jarkar fetur ce kusa da murhu don gudun ranar da mai zai yi wuya. Tana nan ranar da miji da mata suka yi sa-in-sa, tana nan ranar da saurayin gidan ya sha ƙwaya, tana nan ranar rabon gado. Amurka, inda wancan ƙiyasi ya nuna bindiga kusan 120 ga kowane mutum 100, ta rasa mutum fiye da 48,000 ta hanyar harbi a 2021, kuma fiye da rabinsu kansu suka kashe. Ga tsada: kuɗin da za a ba dillalin ɓoye ya isa buhunan gero da shinkafa na watanni, kuma kuɗin yana tafiya ne kai-tsaye aljihun masu fasa-ƙwaurin da suke sayar wa ƴan ta'adda. Ƙwarewar harbi ma ba karatun sau ɗaya ba ce, tana dushewa in ba a maimaita, wanda kuwa ya yi harbi sau biyar a bayan gari ya ɗauka ya iya, ya fi wanda bai taɓa ba haɗari. A ranar rikicin kuma, sojan da ke shingen bincike ba shi da hanyar bambance magidanci mai kare gidansa da maharin da ya saje da jama'a. Duk wanda ba kaki a jikinsa aka gan shi da makami, hukuncinsa ɗaya.

Duk da haka akwai abin da ban iya kawar da shi ba, ba na kuma son in yi kamar na kawar. Mai zaune a Plateau ko Kouara Kano, da barikin soja a kowace kusurwar gari, ba shi da bakin da zai ce wa manomin Anzourou ko na Gidan Runji ya zauna hannu sake a zo a yanka shi ko a sace masa mata. Inda hukuma ta yi nisa, mutane za su nemi abin kare kai ko an yarda ko ba a yarda ba. Abin da ya rage a yi gardama a kansa shi ne wa ke ba da umarni, wa ke ƙirga harsashi, wa kuma zai tsaya gaban alƙali in an kashe marar laifi. Masu kawo misalin Suwizalan, inda ake koya wa samari harbi har su tafi gida da bindigar aiki, sukan tsallake cewa waɗannan samari sojoji ne masu lamba da kwamanda, kuma tun 2007 aka daina ba su harsashin ajiyewa a gida. In Nijar tana bukatar ƙarin hannaye, hanyar ita ce a ɗauki ƴaƴan yankin da abin ya shafa cikin Garde nationale da jandarma, daga kowace ƙabila ta yankin ba guda ɗaya ba, a ba su horo na watanni da albashi, makami ya kwana a ma'ajiyar bariki da lambarsa a littafi. Jihar Katsina ta gwada wani abu mai kama da haka da rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoba 2023, kuma ko ita ana sa mata ido kan zargin wuce gona da iri. Da wannan ma'auni ya kamata a auna shirin Garkuwar Ƙasa da ƙungiyar M62 ta sanar a 2025, da duk wani mai kama da shi. In aikinsa sintiri ne da kai rahoto da taimakon jama'a, yana da gurbi. In ya zama ƙofar raba makamai ga magoya bayan wani ɓangare, to a tuna cewa gwamnati tana sauyawa, makamin kuwa yana nan a hannun wanda aka ba.

Shi kuma mazaunin birni da yake jin ƙaiƙayin ya yi wani abu, aikin yana da yawa, sai dai ba shi da armashin ɗaukar hoto. Cikin abubuwan nan uku da magabata suka kwaɗaitar, iyo ne ya fi dacewa da garin da kogi ya raba biyu, ga shi da yawa cikin yaran da ke kwana a bakinsa ba su iya ba. Ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge tana koyar da taimakon gaggawa, kuma wanda ya san yadda ake tsayar da jini ko farfaɗo da wanda ruwa ya ci zai yi amfani da iliminsa a haɗarin kabu-kabu tun kafin wani yaƙi ya zo. Gidan da ke da mai ciwon suga ko hawan jini ya ga a 2023 abin da maganin wata biyu a ajiye yake nufi. Matatar Goudel da lantarki take tura ruwa, saboda haka tanadin ruwa da sanin rijiyar da ta fi kusa ba ƙauyanci ba ne. Wanda yake zaune a Harobanda ya kamata ya san cewa in ma'aunin kogi ya kai santimita 620 an shiga jan gargaɗi, ya kuma san tun da wuri gidan ɗan'uwan da zai kai yara da takardun gida. Mafi girman jarin Yamai kuwa su ne fadodin nan da ake yi wa kallon wurin zaman kashe wando. Babu wata hukuma da ta san unguwa kamar su, sun san tsohuwar da ba ta iya tafiya, da gidan da katangarsa ta jiƙa, da mai a-daidaita da za a tasa da tsakar dare. Samariya ta zamanin Kountché, duk da an yi amfani da ita wajen siyasa, ta gina azuzuwa ta yashe magudanai da irin wannan ƙarfi. Gobarar makarantar zana ta unguwar Pays-Bas, wadda ta ci yara 20 a Afrilu 2021, tana cikin irin masifun da shirin unguwa da na hukuma zai iya ragewa.

Akwai tambaya ta ƙarshe da mai cewa a raba makamai ya kamata ya amsa kafin a ba shi gaskiya, wato yadda za a karɓo su. Nijar ta san wahalar wannan aiki. An kafa hukumar tattara haramtattun makamai ta CNCCAI a 1994. An sa hannu kan yarjejeniyar sulhu da ƴan tawayen arewa ranar 24 ga Afrilu 1995, amma sai 25 ga Satumba 2000 aka kai ga ƙona makamai a bikin Wutar Zaman Lafiya na Agadas, kuma a 2007 wani tawayen ya sake tashi. Da gwamnatin Gaddafi ta faɗi a 2011 aka fasa rumbunan makamanta, abin da ya fito daga cikinsu ya bi ta mashigar Salvador da hamadar Agadas ya isa arewacin Mali cikin watanni, daga nan ya watsu a Sahel. Bindigar Kalashnikov tana aiki shekaru da dama in ana shafa mata mai, tana wuce wanda ya saye ta, ta faɗa hannun ɗansa, ko ɓarawon da ya shiga gidan, ko wanda ya taya da tsada a shekarar da damina ta ƙi. Hukumar da aka kafa a 1994 don ta kwashe ragowar tawaye ɗaya, fiye da shekara 30 ke nan tana kan aikin, kuma makaman da take nema a yau sun fi na ranar da aka kafa ta yawa.